Ganyen Magarya a Cikin Ƙanƙara

Ranka ya daɗe, sunana Barakatu, matar Malam Sanda manomi, daga wani ƙauye a gefen Dayi. Sunan maigidana ba ya fita a bakina, autata Amatullahi ce ta sa shi, don ita ke riƙe da biron. Ni ban yi boko ba. Na ce mata ta rubuta kamar yadda na faɗa, in ta rage wa maganata zafi ko ta zuba mata zuma, ban yafe ba.

Ƙara na kawo, ƙarar Alhaji Lawal mai ƙanƙara, wanda ke da shago cike da firiza a Malumfashi. Na je wurin mai unguwa, ya ce in yi haƙuri. Na je wurin wani malami, ya ce in yi haƙuri kuma in rage surutu. Shekara sittin da ɗoriya ina haƙuri, na ƙoshi. Yanzu kai za ka ji, kuma har ƙarshe za ka ji.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin in fara: shekara talatin ni ke wanke matan garinmu in sun rasu. Hannuna ya san gawa, hancina ma ya san ta.

Malam ya faɗi a gona shekara biyu da suka wuce, yana zuba wa masara taki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya tafi tare da shi. Tun ranar ko kalma ɗaya bai ƙara furtawa ba. Da hannun hagu muke magana. In ya buga katifa sau ɗaya, ruwa yake so. In ya buga sau biyu, a juya shi. In ya buga sau uku, surutuna ne ya dame shi, in yi shiru. Wannan ta ukun ya fi yawan bugawa.

Ka san yadda azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara. Ɗakinmu rufin kwano ne, babu silin. Daga hantsi zuwa la'asar in ka shiga kamar ka sa kai a tanda. Mai lafiya ya gudu gindin darbejiya, shi Malam ina za shi? Bayansa ya fara saɓulewa, ƙuraje suka feso mashi har wuya. Na yi fifita da mafici har kafaɗata ta riƙe. Sai surukina Awaisu, mijin Amatullahi, Allah ya yi mashi albarka, ya sayo fanka mai caji da ɗan farantin sola ya ɗora a kan rufi. To fankar ma iskar zafi take tarowa ta watsa mashi a fuska.

Amatullahi ce ta zo da dabara, wai a waya ta gani.

"Inna, a samo ƙanƙara a zuba a daro, a ajiye gaban fanka. A rufe ƙofa da taga, a rataya jiƙaƙƙen zane. Iskar za ta bi ta kan ƙanƙarar ta kwaso sanyi."

Na ce, "Ke da wayarki ku duka ba ku da aikin yi."

Ashe gaskiyarta. Ranar farko da muka gwada da ƙanƙarar leda guda biyar, Malam ya yi barci tun azahar har la'asar, baki buɗe, kamar jariri. Na zauna ina kallonsa, ni ma ina shan sanyin. Kullum da hantsi Awaisu ya hau babur ya je Malumfashi ya sayo. Kafin la'asar ta narke tas, in zuba wa kaji ruwan. Kwana tara muna haka lafiya lau.

Ran Lahadi sai ya dawo da abu a buhu, cushe da ƙaiƙayi, yana nishi wurin sauke shi. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, ta leda ta ƙare, mutane har dambe suke yi a layi. Da na ce ta mara lafiya ce, Alhaji Lawal da kansa ya shiga ciki ya ciro wannan bulon daga firizar baya. Ya ce zai kai mu yamma."

Bulo ne babba, ya kai turmi. Muka wanke ƙaiƙayin, muka ɗora shi a daro. Na lura bai yi garau ba kamar sauran, cikinsa ya yi duhu-duhu kamar ruwan tsari, amma na ce ai ba sha za a yi ba. Na kunna fanka, na ja ƙofa.

Sanyin da ya taso ba irin na kullum ba ne. Na kullum yana shafa fata ne ya wuce. Wannan ta ƙasa ya bi, ya kama ni a tafin ƙafa, ya hau har gwiwa. Kafin in gama jan carbi ɗaya, ƙudajen da ke damun Malam sun ɓace, ko ɗaya babu. Kazata mai 'ya'ya da kullum take kutsowa neman tsaki ta zo bakin ƙofa, ta tsaya, ta juya da 'ya'yanta. Sai na ji ƙanshin kafur. Na shinshina hannuna, na je na duba akwatin da nake ajiye kayan wankan gawa, a rufe yake ruf. Na ce ƙila hancina ne ya tsufa.

Ana kiran azahar, rana tsaka, gari ya yi tsit don kowa ya laɓe wa zafi, sai na ji an ce:

"Wa ke nan?"

Na waiga ƙofa, babu kowa. Na waigo. Bakin Malam ne ke motsi.

Ranka ya daɗe, shekara biyu ina roƙon Allah ya jiyar da ni muryar mutumin nan ko sau ɗaya. Na zube gaban gado ina kuka, ina cewa, "Malam! Malam, ni ce, Baraka ce!"

Ya dube ni sama da ƙasa, irin kallon da mai kuɗi ke yi wa wanda ya shigo mashi zaure ba sallama. Ya ce, "Ke wace ce? Wa ya bar mace ta shigo nan? Fita ki kira mani maza."

Muryar tasa ce, maƙogwaronsa ne, amma maganar ba tasa ba ce. Shekara arba'in da biyar muna tare, Malam bai taɓa ce mani "ke wace ce" ba ko da wasa. Mutum ne da ko akuya zai kora sai ya ce mata "yi haƙuri."

Ya juya ido ya kafe rufi. Ya ce, "Mai sunan Malam bai iso ba? Me kuke jira da ni?"

Ba mu da wani mai sunan Malam a gidanmu. Na fita da gudu na kira Amatullahi. Ta shigo ta ce, "Baba, sannu, Baba ka gane ni?" Bai ko dube ta ba. Sai dai ya maimaita, a hankali, kamar mai magana da bango: "Sanyi ya yi yawa. Ku kai ni. Me kuke jira da ni?"

Amatullahi ta ce alamar sauƙi ce, wai a asibiti an ce wani lokaci harshe kan dawo a rikice. Na ce to. Na kashe fanka, na buɗe ƙofa da taga don sanyin ya fita. Bai fita ba. La'asar ta yi, aka sha ruwa, bulon nan ko kashi ɗaya cikin uku bai narke ba.

Da safe ran Litinin na shiga da kununsa, na tarar ya juya. Mutumin da sai mu biyu muke kama shi mu juya, ya kwanta a kan ɓarinsa na dama, wanda ya mutu, fuskarsa na kallon gabas. Hannuwa a miƙe a jikin cinya. Na yaye zanen ƙafarsa, sai na ga manyan yatsun nan biyu a haɗe, ɗaya kan ɗaya, kamar an ɗaure su da tsumma. Ni na san wa ake yi wa wannan kwanciyar. Da hannuna na yi wa mata fiye da ɗari.

Na raba yatsun. Na juya in ɗauko kofi, na waigo, sun koma.

Jikinsa babu gumi ko ɗigo, ƙurajen sun kwanta, fatar ta yi sumul tana sanyi kamar randa. Ya ƙi kunu. Na ce, "Malam, buga mani katifa, ko sau uku ne, in yi shiru." Hannun hagun bai motsa ba.

Sai na tsuguna gaban daron. Bulon ya rage kamar ƙwarya, ya ɗan washe, ana ganin cikinsa. Akwai abu kore a tsakiya. Na kawo fuskata kusa. Ganyen magarya ne, dakakke, gutsi-gutsi, da wani ɗan farin zare kamar wanda ke zubowa in an yaga sabon alawayyo. Na tsoma yatsa a ruwan na kai hanci. Kafur.

Magarya da kafur da zaren likkafani. Wa zai gaya mani wannan ruwan mene ne?

Na ƙwala wa Awaisu kira, na manta da wata kunyar surukuta. Na ce, "Ɗauke daron nan ka watsar bayan gida, maza!"

Ya sunkuya ya ɗauka. Ƙafarsa ɗaya na waje ɗaya na ciki, Malam ya fara kakari. Ka san kakarin fitar rai? Ni na san shi. Ido ya kafe, ƙirji na ɗagawa. Amatullahi ta fasa ihu. Na ce, "Dawo da shi! Dawo da shi!" Yana dire daron, numfashi ya dawo. Muka sake gwadawa da la'asar, ni da kaina na ɗauka, haka aka sake yi.

Nan na gane inda muke. Ba a fitar da ƙanƙarar, kuma ba ta fasa narkewa. Na zauna ina lura: tana raguwa, numfashinsa na raguwa. Ranar da ta ƙare, shi ma ya ƙare.

Na ce wa Awaisu, "Zauna nan. A Malumfashi wa ya mutu cikin satin nan aka ƙi rufe shi?"

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Inna, Alhaji Abdulmutallib, babban mai sayen hatsi ɗin nan. Ran Laraba da safe ya cika. Aka yi mashi wanka, aka sa shi a likkafani, sai babban ɗansa Almustapha ya bugo waya daga Ikko ya ce kada a kuskura a rufe sai ya iso. Liman ya yi faɗa, dangi suka ce ɗa ne, shi ke riƙe da gidan. Sai Juma'a bayan masallaci aka kai shi."

"Kwana biyu? A wannan zafin? Da me suka riƙe shi?"

Ya sunkuyar da kai. "Ƙanƙara suka jera mashi a darurruka, ƙarƙashin gado da gefe, suka kunna fanka huɗu. Na je jana'izar. Da muka dawo na ga ana loda darurrukan a a-kori-kurar Alhaji Lawal, da sauran ƙanƙarar da ruwan duka. Wallahi Inna na ɗauka zubarwa za su yi."

Ran Talata da hantsi bulon ya koma kamar tulun yara. Malam ba ya ko buɗe ido, sai leɓe ke motsi: me kuke jira da ni, me kuke jira da ni. Na bar Amatullahi a kansa, na ɗaure gutsuren ganyen da ya fito a bakin zanena, na hau bayan babur ɗin surukina. Duk wanda ya ga abin kunya a nan, ya zo ya gaya mani a fuskata.

Na tarar da Alhaji Lawal a kan kujera gaban shago, janareta na ruri, mutane sun yi layi da kuloli. Na ratsa layin na kwance bakin zane na shimfiɗa mashi a kan tebur.

"Mene ne wannan?"

Ya ce, "Hajiya, lafiya? Bi layi mana."

"Ban je Makka ba, kada ka ce mani Hajiya. Na ce mene ne wannan?"

"Ganye ne."

"Ganyen uban wa? Ruwan da aka wanke Alhaji Abdulmutallib, da ƙanƙarar da ta kwana biyu ƙarƙashin gawarsa, su ka mayar firiza ka daskarar ka sayar wa mijina?"

Ya miƙe tsaye, ya rage murya, ya ce in shigo daga ciki. Na ce a nan zan tsaya. Sai ya matso yana murmushin ƙarfin hali.

"Haba Inna, ke fa babba ce. Ruwa ne fa. Darurrukan gidan ne suka haɗu da nawa wurin kwasa, ni na san wanne aka yi wanka da shi? Kuma sanyi na kashe komai. A wannan azumin, da mutane ke kuka a kan ƙanƙara, in zubar da bulo huɗu a kwata? Ai almubazzaranci ne."

Bulo huɗu. Da bakinsa ya faɗa, Awaisu na tsaye, ya ji.

Na ce, "Allah ya isa tsakanina da kai. Zan dawo kanka, yanzu ina da abin da ya fi ka."

Don a kan hanya na riga na yi tunanina. Ruwan mamaci na mamaci ne. In an rufe mutum, ragowar ruwa a kan kabarinsa ake yayyafawa, ba a kai shi gidan wani. Wannan ruwan bai je inda ya kamata ba. Ni mace ce, ba ni shiga maƙabarta. Awaisu ya ɗauka, ɗakin ya ƙi sakinsa. Saura wanda ake ta kira.

Gidan Alhaji Abdulmutallib ba ya ɓata, rumfuna har titi, ana zaman makoki. Maza sun cika tabarmi, manyan riguna, motoci. Wani ya tare ni ya ce ƙofar mata tana baya. Na ce ba wurin mata na zo ba. Na tsaya a bakin tabarma na ce, "Wane ne Almustapha?"

Wani mai ƙiba da farin gilashi ya ɗago. "Ni ne, Inna. In sadaka ce, a shiga ciki za a ba ki."

"Riƙe sadakarka. Ubanka na ɗakina kwana uku yana neman kashe mani miji. Tashi ka zo ka ɗauke shi."

Sai aka fara salati. Wani ya ce mahaukaciya ce. Wani dattijo ya ce, "Baiwar Allah, ji tsoron Allah, mamaci ba ya dawowa." Na ce, "Malam, ban ce ya dawo ba. Ni ban san sunan abin ba, ku ne masu karatu. Abin da kunnena ya ji nake faɗa."

Almustapha ya ce a fitar da ni a hankali. Har an kama mani hannu, na ce da ƙarfi, "To in ba kai ba ne, nuna mani mai sunan Malam! Shi yake ta tambaya ko ya iso!"

Almustapha ya cire gilashinsa. Ya dube ni, ya dubi dattijon nan. Dattijon ya sunkuyar da kai. Ashe sunan kakansa aka sa mashi, uban bai taɓa kiran sunan da bakinsa ba tun ranar suna, kuma a cikin gida kaɗai yake kiransa haka.

Ya ce, "Wa ya gaya maki wannan?"

Na ce, "Zo ka ji da kunnenka."

A motarsa muka koma, Awaisu na biye da mu a babur. Mun isa rana tsaka, zafi har ƙasa na rawa. Ya sunkuya ya shiga ɗakin, na ga tsigar jikinsa ta tashi, ya rungume hannuwa. Fanka a kashe take tun ran Lahadi. Ƙanƙarar ta rage kamar ƙwan agwagwa, tana yawo a cikin ruwa. Amatullahi ta ce mani a kunne, "Inna, tun ɗazu sai in ƙirga goma kafin ya ja numfashi."

Almustapha ya yi sallama.

Malam ya buɗe ido. Bai juyo ba, yana dai kallon gabas. Ya ce, "Mai sunan Malam. Sai yanzu?"

Ƙaton mutumin nan ya zube a kan gwiwa kamar an sare shi. Ya ce, "Alhaji, mota ce... jirgi ne ban samu ba... so nake in gan ka, Alhaji, so nake jama'a su taru..."

"Na ce maka ko da rana tsaka na mutu kada a kai la'asar. Na ce ko ban ce ba?"

"Ka ce, Alhaji."

"Kwana biyu ina jin ɗigar ruwa. Kai ni."

Na nuna mashi daron. Na ce, "Ɗauka da hannunka, kada ka ba kowa. Kada ɗigo ya zuba a hanya. Ka juye shi duka a kan kabarin, daga kai zuwa ƙafa, ka roƙa mashi gafara, ka roƙi taka."

Ya tuɓe babbar rigarsa ya ɗauka. Na kafa wa ƙirjin Malam ido. Ya taka bakin ƙofa, ya fita. Babu kakari. Awaisu ya ja motar, Almustapha ya zauna a baya da daro a cinya.

Ni da Amatullahi muka zauna. Sanyin na nan. Malam ya rufe ido, leɓen ya daina motsi. Na sa hannu a hancinsa, sai in ji kamar akwai, sai in ji kamar babu. Na riƙe hannunsa na hagu ina cewa a raina, in ƙanƙarar ta ƙare a hanya fa? In sun faɗa rami ruwan ya zube fa? Na yi shekara talatin ina gaya wa matan mutane su yi haƙuri, ranar na gane maganar banza nake gaya masu.

Ban san tsawon lokacin ba. Abin da na fara ji shi ne kwano ya yi ƙara a sama, irin ƙarar da yake yi in rana ta dake shi. Sai ƙuda ɗaya ya shigo ya sauka a goshin Malam. Wallahi ban taɓa murnar ganin ƙuda ba sai ranar. Zafi ya sauko mana kamar an buɗe murfin tukunya. Gumi ya tsattsafo a wuyansa, ya gangaro. Yatsun ƙafar suka rabu da kansu.

Ya buɗe ido ya dube ni. Idonsa ne, na Malam ɗina.

Na ce, "Malam, ka san ni? Yi magana. Ce Baraka. Sau ɗaya kawai."

Bakin ya motsa, babu abin da ya fito. Ya sake gwadawa, babu. Sai ya ɗaga hannun hagu ya buga katifa sau ɗaya.

Na ba shi ruwan randa, ya shanye kofi biyu. Ina ta kuka ina zagin Alhaji Lawal, ina ba shi labari tun daga farko, sai ya buga sau uku.

Daga baya Awaisu ya ce da suka isa kabarin, ƙanƙarar ta rage kamar ƙwayar gyaɗa, kuma ƙasar ta shanye ruwan nan take, ko danshi bai nuna ba.

Mijina na nan da rai, alhamdu lillahi. Mun koma mafici da jiƙaƙƙen zane, ƙanƙara ba ta ƙara shiga gidana. Amma a bar ce mani in gode wa Allah in yi shiru. Na gode wa Allah, shirun ne ba zan yi ba. Shekara biyu ina jiran muryar mutumin nan, da ta zo aka sa ta ta ce mani "ke wace ce." Wannan ba ya wankuwa.

Ga abin da nake so, ranka ya daɗe. A kira Alhaji Lawal gabanka. A fitar da firizar nan ta baya a ƙona ta ko a binne, ni dai kada a ƙara daskarar da ruwan Musulmi a cikinta. Kuma ya faɗa da bakinsa, gaban jama'a, wa da wa ya sayar wa sauran. Huɗu ya ce. Ɗaya ne ya zo gidana.

Na biyu na san inda ya je. Maƙwabciyata Suwaiba mai zoɓo ta sayo bulo a wurinsa ran Lahadin nan. Ita ba fanka ta sa wa ba. Farfasa shi ta yi ta zuba a kula, rabin unguwarmu da shi suka sha ruwa, ita ma ta sha.

Jiya da azahar na leƙa gidanta aron turmi. Na same ta zaune a tsakar gida, cikin tsakiyar rana, ta lulluɓa da bargo, ta juya fuska gabas. Na yi sallama sau biyu. Ta ɗago a hankali ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta ce, "Me ake jira da ni?"

Nawa yana cikin daro, shi ya sa aka iya mayar da shi. Wanda aka riga aka sha fa, da me za a kai shi maƙabarta? Ni ban sani ba. Ku ne masu mulki da malamai, sai ku tara kanku ku nemo, kuma ku yi sauri. Ku fara da kiran Alhaji Lawal yau, ba gobe ba.